Shanyar Ɗahiru

Sai da muka yi awa goma sha tara a cikin bas daga birnin da jirgi ya sauke mu kafin na yarda cewa ƙasar Burazil ba ta jin a gaji. Mutumin da ya sayar mana da tikiti a bakin tasha ya nuna mana yatsu shida, ya dafa ƙirji, wai awa shida ce kuma motar ba ta tsayawa. Ta tsaya a duk garin da ke da coci, wani wurin ma har kaji ta ɗauka. Ni dai na cika na yi fam, na haɗe rai ina kallon taga. Ɗahiru kuwa kafin mu yi rabin hanya ya san sunan direba, wata tsohuwa ta ba shi dafaffiyar masara, ya karya ya miƙo mini rabi. Na karɓa don yunwa. Amma a kan wannan kujerar na ji sabon haushinsa ya hau kan wanda na taho da shi daga gida.

Garinmu ɗaya da Ɗahiru, Kukar Bulama, can gabas da Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona har ba ka samun wurin ɗaure akuya. Kakana daga Barno ya zo ya zauna. Mahaifina, Alhaji Bukar, shi ke sayen gyaɗar yankin, kuma yana da gonaki. Mahaifin Ɗahiru, Malam Idi, a ɗaya daga cikin gonakin nan ya tsufa yana noma mana. Tare muka shiga makarantar kimiyya ta kwana, ni da akwatin ƙarfe, shi da buhu. Shekara shida ni ke zuwa na ɗaya, shi yana can na bakwai ko na takwas, yana kirana Ɗan Alhaji kamar yadda ubansa ke kirana. A jami'a ma haka. To ranar da takardar sikolashif, wato tallafin karatu, ta fito na ga sunansa a ƙarƙashin nawa, mu biyu za mu tafi karatun digiri na biyu kan gyaɗa, na yi masa murna da baki. A raina cewa na yi, wannan kuma wa ya gayyace shi?

Cibiyar binciken tana bayan wani ƙaramin gari mai jar ƙasa. Ɗakin da aka ba mu a saman shagon mai gyaran taya yake, gado biyu, taga ɗaya. Watan farko shinkafa da wake da ƙwai kawai muke ci, don kusan kowace tukunya a garin akwai alade a cikinta. Masallaci kuwa sai ka hau bas biyu ranar Juma'a, wani ɗan gida ne da wasu Larabawa 'yan kasuwa suka mayar wurin salla. Wata ranar Asabar muna yawo a kasuwa hancina ya tsayar da ni cak. Wata baƙar mata ce da farin ɗankwali tana suyar ƙosai a cikin manja. Ƙosai na gaskiya, na wake. Na gutsira, hawaye ya zubo mini a gaban mutane, ni da ban yi kuka ba ranar da na bar Inna. Matar ta dube ni, ta ƙara mini biyu. Mako uku da haka na tarar Ɗahiru ne ke juya mata ƙullu, tana kiransa ɗanta. Ni na gano ta, amma ta zama tasa.

Shugabar aikinmu Farfesa Selma ce, gajeruwar mace mai saurin magana, wadda ta shafe shekaru tana bin daji tana tono gyaɗar jeji. A wurinta na fara ganin iyayen gyaɗarmu da idona. Ashe gyaɗar da ke cike da rumbunan Alhaji 'yar gida biyu ce. Wasu ciyayi biyu ne na jejin wannan nahiya, dangi ne amma ba iri ɗaya ba, suka haɗu tun zamanin da ba wanda ya sani, suka haife ta. Kowace halitta tana ɗauke da gadonta a wasu 'yan sanduna da ke cikin ƙwayoyin jikinta, waɗanda ake kira kuromosom. Kowane ɗaya daga cikin iyayen nan biyu yana da ashirin. Gyaɗarmu tana da arba'in, ashirin na wannan gida, ashirin na wancan, duk a jiki ɗaya. Iyayen suna da ƙarfin jure cutar da ke ƙona mana ganye tun gyaɗa ba ta ƙosa ba, amma ba sa haɗuwa da tamu su ba da iri mai kyau, don ashirin da arba'in ba su daidaita. Aikinmu shi ne mu sake yin wancan tsohon aure da hannu: mu barbara iyayen biyu, mu ninka sandunan ɗan da suka haifa su koma arba'in, sannan a iya haɗa shi da gyaɗar gida.

Na haddace wannan tsaf, da Turanci da sunayen Latin. Amma ranar da Malam Idi ya kira a waya, ɗansa ya buɗe muryar wayar ina zaune, na ji abin da ya hana ni cin abinci.

"Wai me ya kai ku bayan duniya neman gyaɗa, ga ta nan a rumbu?" in ji tsohon.

"Baba, ka san alfadari ai. Uwa goɗiya, uba jaki, ga ƙarfi amma ba ya haihuwa. To haka ɗan da muke samu yake, sai fure ba ƙwanso."

"Me ya hana shi?"

"Kamar ka je ƙofar masallaci ne ka kwaso takalmi goma na mutanen gidan Liman, ƙafar hagu kaɗai, ka ƙara da goma na gidan Sarkin Noma, su ma hagu. Ashirin ne a hannunka, amma babu mai ɗan'uwa, ba wanda zai taka ya tafi. Akwai wani magani da muke jiƙa reshen a ciki, in Allah ya sa an dace sai kowane takalmi ya sami ɗan'uwansa, su zama arba'in. Daga nan sai haihuwa."

"To, Allah ya haɗa kowa da ɗan'uwansa," in ji Malam Idi. "Ka gaishe mini da Ɗan Alhaji."

Washegari Ɗahiru ya maimaita zancen takalman nan a lab, ɗakin gwajinmu, da gurguwar Fotugis ɗinsa, yaren ƙasar, Farfesa ta yi dariya har da tafi, ta ce daga yau da shi za ta riƙa koyar da ɗalibai. Ni da na rubuta mata shafi huɗu a kan maganar, ko sunana ba ta ambata ba.

A wata na biyar ta tara mu ta faɗi abin da ya raba mu. Gurbin digiri na uku guda ɗaya ne tak, na shekara huɗu. Wanda ya kawo wa kwamiti iri mai rai daga tsiron da ya ninka, kuma ya tabbatar da cewa arba'in ne, shi zai zauna. Ɗayan ya koma gida. Na dubi Ɗahiru na ji tausayinsa, wallahi tausayi na ji, don a lab ba a haɗa ni da shi. In na yanki bakin saiwa na murje a gilashi na sa a maikuroskof, madubin da ke ƙara girman abu, sandunan nan sai su baje mini ɗaiɗai in ƙirga su kamar awaki. Shi kuwa da yatsunsa na riƙon fartanya, gilashi uku yake fasawa kafin ya sami ɗaya, in ya samu ma duk a cure.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne tsiro ba a gilashi yake girma ba. Maganin ninkawar guba ne, reshe goma za ka jiƙa tara su mutu. Nawa na bi takarda layi-layi, awa kaza, ɗigo kaza, suka riƙa baƙi suna langaɓewa. Biyu da suka rayu suka yi ta fure kamar abin arziki, na tona na tarar ba komai, alfadarai ne har yanzu. Ɗahiru kuwa tun da sassafe yana rumfar gilashi tare da Baba Tiyawo, tsohon da ke kula da tukwanen shuka, mai haƙori biyu da hular kaba. Ba su da yare ɗaya na kirki, amma sai ka gan su tsugune suna murza ƙasa a tafi suna gyaɗa kai. Ɗahiru ya ce ƙasar tukwanen ta yi nauyi, ya sa aka kawo yashi. Ya riƙa tara ƙasa a gindin tsiro da yatsa yadda ake yi a kunya, don ɗan tsinken da fure ke turawa ƙasa ya sami wurin nutsewa. Na gaya wa Farfesa cewa yana saɓa ƙa'ida. Ta je ta duba, ta dawo ta ce kowa ya yi irin nasa.

Reshe ɗaya daga cikin nasa ya fito da ganye mai kauri, faffaɗa. Ranar da suka zazzage tukunyar ina tsaye a baya. Ƙwanso arba'in da ɗaya, ƙanana kamar na gyaɗar jeji, kowanne da ƙwaya. Baba Tiyawo ya cire hula ya rungume shi. Ɗahiru ya waiwayo yana nemana da ido.

"Ɗan Alhaji, zo ka gani! Ta haihu!"

"Masha Allahu," na ce. Harshena kamar na tauna maɗaci. Abin da ke cina ba komawa gida ba ne kawai. Hango kaina nake ina sauka a Kukar Bulama da akwati, ana tambayata ina ɗan Malam Idi, in ce shi aka riƙe.

Cibiyar tana da ɗakin busar da iri, amma Ɗahiru ya ce shi bai yarda da gyaɗar da ba ta sha rana ba. Ranar wata Juma'a da hantsi ya shimfiɗa tamfol a kan siminti bayan rumfar, ya yi tsibi uku. Na farko da na biyu irin iyayen nan biyu ne da ya sabunta, na uku nasa arba'in da ɗaya. A ido duk kamanninsu ɗaya. Kowane tsibi ya ajiye masa kati mai suna, ya danne da dutse. Sama tas, ko gajimare babu. A jikinsa, da nawa ma, in an cire gyaɗa to ruwa ya ɗauke ke nan, haka muka tashi muka gani. Ya manta nan ƙasar ruwanta ba ya sallama.

"Mu je masallaci, kada bas ta wuce," ya ce.

"Je ka, ina da aiki." Ba ni da wani aiki. Zama kusa da shi a bas biyu ne ba zan iya ba.

Bayan azahar iska ta juya. Na leƙo ta tagar lab na ga hadari ya taso daga yamma baƙi ƙirin, Baba Tiyawo kuma ya tafi cin abinci. A garinmu in hadari ya taso ba a tambayar shanyar wa ce. Ko kun yi shekara ba ku gaisa da maƙwabci ba, za ka kwashe masa ka kai zaure, wanda ya wuce shanya a ƙarƙashin hadari kuwa har jikokinsa sai an yi musu gori. Ban yi shawara ba, ƙafafuna ne suka fita da ni da gudu.

Na isa ɗigon farko na sauka. Na tsugunna na ɗauke duwatsun, na zare katunan uku na sa a aljihun riga don kada su jiƙe. Sannan na kama kusurwar tamfol, yadda kowane ɗan ƙauye ke kwashe shanya, a haɗa kusurwa huɗu a ɗaga. Ina kama ta biyu na ga tsibin farko ya fara gangarowa, kuma na san abin da zai faru. Akwai bokitai uku a jingine da bango, taku biyar. Ruwan bai kai ƙarfin da zai hana ni ba. Na dubi bokitan, na kama kusurwa ta uku da ta huɗu, na ɗaga. Na ji su suna haɗuwa a tsakiya, shaa.

Da Ɗahiru ya dawo a jiƙe sharkaf, da gudu ya zagaya bayan rumfar, ya ga siminti wayam. Na kira shi ciki, na nuna masa ƙullin, na zaro katunan na miƙa masa. Ya kwance tamfol ɗin ya daɗe yana kallon tsibi ɗaya. Ya juya katunan a hannunsa. Sannan ya ce, "Allah ya saka da alheri, Ɗan Alhaji. Da ruwa ya tafi da su."

Farfesa ba ta yi ta ihu ba, amma ta wanke shi tas a kan shanya a waje. Ni kuwa ta dafa kafaɗata ta ce na yi abin da zan iya. Ƙwanso ɗari da sittin da uku ne a cakuɗe, kwamiti saura mako bakwai. Na'urar da za ta tantance su a kwana biyu ta lalace tun kafin mu zo, ana jiran kayan gyara. A jira su girma a gane su da ganye kuwa, lokaci ya wuce. Hanya ɗaya ta rage: a tsirar da kowace ƙwaya a tukunyarta, a yanki bakin saiwa, a ƙirga sanduna, ashirin ko arba'in. Duk cibiyar kuma an san wa ke da idon wannan aiki. Farfesa ta dube ni. Na ce zan yi.

Mako shida na yi a kan kujerar nan. Ɗahiru ya kawo saiwa da hantsi a 'yan kwalabe masu lamba, ni in murje in ƙirga in rubuta. Idona ya yi ja, wuyana ya ƙage. Ba zan ɓoye ba, duk sanda arba'in ta baje a gabana sai wani abu ya ce mini, rubuta ashirin mana, wa zai duba bayanka? Ina so in ce tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni, amma akwai girman kai a ciki. Abu ɗaya ya rage da na fi Ɗahiru, ƙirgata ba ta kuskure, ba zan ɓata ta da hannuna ba. Kullum da la'asar sai ya ajiye mini ƙosai a takarda a gefen maikuroskof ya fita. Na fi son ya zage ni.

Talatin da takwas na samu. Sauran ukun suna cikin waɗanda suka ruɓe ba su tsira ba. Ranar da na rubuta lamba ta ƙarshe, ya zo ɗaukar takardar, na riƙe ta.

"Ɗahiru, ranar nan akwai bokitai a jikin bango."

"Na sani."

"Na gan su kafin in ɗaga."

Ya zaro katunan nan uku daga cikin littafinsa ya jera a kan tebur. "Tun ranar na sani. Mai gudun ruwa ba ya tsayawa cire kati. Ka ba ni su a bushe, ko ɗigo babu, kowanne da sunansa. Wanda ya karanta suna uku ya san tsibi uku ne."

"Me ya sa ba ka gaya wa Farfesa ba?"

"In ce mata me? Ɗan garinmu ne? Kuma wa zai ƙirga mini?" Ya ɗan yi murmushi, amma idonsa ba ya dariya. "Na ji zafi, Hamisu. Mako biyu ban iya kallon ƙeyarka ba. Amma ka fito cikin hadarin, wannan ma na gani."

Ranar ce ta farko da ya kira ni da sunana. Ya tura mini katunan ya ce in riƙe, shi ya gama da su.

Shi aka riƙe. Na dawo ta bas ɗin nan mai tsayawa a kowane coci, ba mai miƙo mini masara. Na sauka a Kukar Bulama aka yi mini tambayar da na hango, na ba da amsar da na hango. Yanzu ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare wajen Ungogo, ina kuma duba gonakin Alhaji tun da ƙafa ta hana shi. In na zo darasin kuromosom, da takalman ƙofar masallaci nake koyarwa, don ban sami abin da ya fi su ba, kuma ban taɓa gaya wa ɗalibai na wane ne ba.

Ɗahiru ya yi shekara da shekaru yana haɗa jikokin talatin da takwas ɗin nan da gyaɗar gida, yana zaɓe yana zubarwa, har ya dawo da sunan Dakta da wani iri da aka ba manoma kaɗan su gwada. Bana an shuka shi a gonar da ubansa ke nomawa, wato gonarmu. Ganyen maƙwabta ya ƙone, nata yana kore shar har ranar cira. Takarda ta ba gyaɗar wata lamba mai tsawo, amma duk yankin 'yar Ɗahiru ake ce mata.

Da kaka Malam Idi ya dafa ta farko ya kawo ƙofar gidanmu a ƙwarya, ɗansa na biye da shi. Dattawa suna zaune a kan tabarma, Alhaji yana kan kujerarsa. Tsohon ya durƙusa ya ajiye ƙwaryar a gabana, ba a gaban Alhaji ba.

"Wannan ta Ɗan Alhaji ce," ya ce wa jama'a. "Ku ba ku sani ba, can a ƙasar mutane hadari ya taso, yaron nan ya tafi masallaci ya bar shanya. Shi ne ya fita cikin ruwa ya kwashe. Ya kuma zauna wata ɗaya da rabi yana tantance masa su ɗaya-ɗaya har idonsa ya kusa lalacewa. Da ba don shi ba, da babu ita. Ko ba haka ba, Ɗahiru?"

Na ɗaga kai na dube shi. Yana ɓare gyaɗa, bai ko tsaya ba.

"Haka ne, Baba," ya ce, ya turo ƙwaryar kusa da gwiwata.

Alhaji ya dube ni da irin kallon da na yi shekaru ina nema, dattawa suka yi ta sa mini albarka. Katunan uku suna cikin aljihun jakata a ɗaki. Na yi kishin hannun Ɗahiru, na yi kishin farin jininsa, na yi kishin gurbin da ya samu, duk waɗannan sun yi sauƙi da shekaru. Wannan shirun nasa ne har yau ban iya yafe masa ba, don na san da ni ne a wurinsa, da tuni duk Kukar Bulama ta ji. Na ɗebi gyaɗar na ɓare na ci a gabansu. Tana da zaƙi.